Ba Hannun Zulkifilu Ba Ne

Tun ranar da Baba ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa Zulkifilu kada ya ƙara taka masa dakali, Ikilima ba ta ƙara jin muryar masoyinta ba. Ba wai an kama shi da sata ko shaye-shaye ba ne. Laifinsa ɗaya, gidan gem gare shi a titin Shendam, inda ake biya a buga wasa a talabijin, shi kuwa Baba a wurinsa gidan gem da gidan caca duk kanwar ja ce.

Baba dillalin doya ne, mutum mai magana ɗaya, duk Sabon Pegi an san shi da wannan. Ya kira ta a gaban Mama ya ce shi ba zai yi mata dole ba, don bai yi wa yayyenta ba, amma muddin yana numfashi ba zai ba da ita ga wanda abincinsa ke fitowa daga aljihun yaran da suka gudo daga makaranta ba. Ga Na'Allah nan, ma'aikaci a sakatariya, yana gini a Azuba, ya daɗe yana turo manyansa. In tana so, to. In ba ta so, ta zauna har ta kawo wanda za a iya nunawa a cikin mutane.

Ikilima ta zaɓi zama. Gwaggonni suka yi faɗa har suka gaji, Mama ta yi kuka, ta yi lallashi, ta yi fushi, duk a banza. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne yarinyar ba ta rame ba, ba ta zauna tagumi ba, daga makarantar koyon aikin gona sai gida, ga ta nan da fara'arta. Ai dole ta yi fara'a, tunda hira take sha da Zulkifilu a ƙarƙashin hancin kowa.

Ga yadda abin yake. Yayanta da ya tafi bautar ƙasa ya bar na'urar gem ɗinsa a ɗaki, da tsohuwar talabijin. Akwai kuma wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba, memori ake ce masa, shi ke riƙe inda mutum ya tsaya a wasa. Ita da Zulkifilu wasa ɗaya suke bugawa a memori ɗaya, wani dogon gem mai labari wanda sunansa ya fi ƙarfin bakin kowa, har 'yan gidan gem suka raɗa masa Ɗan Maƙeri. Yaro ne da takobi yana bin gari gari yana neman ƙanwarsa da aka sace. Zulkifilu ya buga gari ɗaya ya ajiye, ya ba Sailuba, 'yar gwaggon Ikilima mai shagon ɗinki a layinsu. Sailuba ta ƙulle a bakin zani ta kawo, Ikilima ta buga gari na gaba ta mayar.

Wani zai ce wannan wace irin hira ce, ba murya ba wasiƙa? To ai ku ne ba ku san Zulkifilu ba. Shi mutumin dambe ne da harbi, gem ɗin da za a fara duka tun ba a zauna ba shi ne nasa. Wannan na labarin don ita kawai yake bugawa, kuma bugun nasa a bayyane yake kamar sawun ɓarawo a laka. Ba ya gaida kowa a gari. Da rubutu ya fito sai ya danne maɓalli ya wuce, don Turancinsa a aji uku ya tsaya, haƙurinsa kuwa bai ma kai nan ba. Duk abin da yaron ya samu sai ya ƙarar a takobi, magani ko ƙwaya ba ya saye. Memori zai iso mata da Ɗan Maƙeri a galabaice, jininsa saura kaɗan, jaka wayam, sai ta yi dariya ita kaɗai ta ce Allah ya shirye ka. Ta zauna ta yi masa jinya, ta tsinko ganye, ta bi tsofaffin garin tana sauraron damuwarsu, ta mayar masa da yaro tsaf. Shi yana ɓarna, ita tana gyara, kuma daga yawan ɓarnar take gane ko ransa a ɓace yake a makon.

Ran wata Talata da la'asar Sailuba ta kawo memori. Aka yi sa'a da wuta. Ikilima ta kulle ƙofa, ta ɗauki fad, abin dannawa na gem, tana murmushi tun kafin hoto ya fito, don ta san garin da ya faɗo a rabonsa cike yake da 'yan fashi.

Murmushin bai daɗe ba.

Jinin Ɗan Maƙeri a cike yake taf. Ta buɗe jaka, sai ga ganyen magani iri-iri a jere, kowanne da ɗan'uwansa. Takobin nan dai tsohon da ta bari ne, ba a sauya ba, amma an saya wa 'yar rakiyar yaron sabuwar garkuwa, yarinyar da Zulkifilu bai taɓa kallo ba tun da aka fara wasan. Ta koma da yaron bakin rijiyar garin, inda wata tsohuwa take zama tana kukan akuyarta da ta ɓata. Ga tsohuwa nan tana dariya, ga akuya a ɗaure a gefenta.

Ikilima ta ajiye fad a hankali. Ba mai gano akuyar nan sai wanda ya karanta duk surutun tsohuwar, shafi bayan shafi na Turanci, ya kuma haƙura ya hau dutse ya sauko. Ta san hannun Zulkifilu kamar yadda ta san yunwar cikinta. Wannan ba hannunsa ba ne, kuma zuciyarta ta ƙara mata da cewa ba ma hannun namiji ba ne.

Ta yi ƙoƙarin ba shi uzuri, wallahi ta yi. Ta ce wataƙila ba shi da lafiya ne ya ba wani abokinsa ya buga masa. Amma wane abokin? Duk 'yan shagon ta san su a baki, ba wanda zai ɓata rabin yini a kan akuya. Ta buga nata garin ba da daɗin rai ba, da gangan ta bar yaron da rauni da jaka a hargitse, ta mayar, don ta ga abin da zai dawo.

Ya dawo a gyare. Har kayan jakar an sake jera su, na sha daban, na shafawa daban.

Ranar ba ta bar Sailuba ta tafi ba. Ta ja ta bayan ɗaki wurin turmi, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi ɗinki, ta tambayi kasuwa, can dai ta tambaya ko akwai macen da ke shiga shagon Zulkifilu. Sailuba dama tun farko 'yar goyon bayan Na'Allah ce, aiken ma don tausayi take yi. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ita fa ba ta son a ji mutuwar sarki a bakinta. Amma tunda an tambaye ta, akwai Dooshima, 'yar Tibi mai lemar buga waya a ƙofar shagon, doguwa, mai Turanci kamar a rediyo. Kwanan nan duk sanda ta je karɓar saƙo a ciki take samunta, kafaɗa da kafaɗa da shi a kan benci, a gaban talabijin ta ƙurya.

"Fad ɗin a hannun wa yake?"

Sailuba ta ce ita me ta sani a gem da za ta tsaya duba hannu. Abin da ta gani dai ta faɗa, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Kwana biyu Ikilima ba ta ci abin kirki ba. Ba zaman benci ne ya fi ƙona mata rai ba. Wasan nan shi kaɗai ya rage musu a duniya, ɗaki ne da ba mai shiga sai su biyu, a ce ya buɗe wa wata ƙofar ta shigo ta share, ta jera kaya yadda take so? Ita da ta shanye zagin dangi, ita da Baba ya daina amsa gaisuwarta da baki sai da kai, ashe wa take yi wa?

Gani ya kori ji. Ran Alhamis daga makaranta ta hau okada ta ce a bi da ita ta titin Shendam, ta sauka a tsallake wurin mai gasa masara, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Lemar buga waya na nan, wayoyi a kan tebur, kujera ba kowa. Labulen shagon a ɗage yake saboda zafi. Ta hango ƙeyar Zulkifilu, ta hango doguwar mace ta sunkuyo a kafaɗarsa tana nuna talabijin da yatsa. Macen ta faɗi wata magana, ya juyo ya dube ta, suka yi dariya tare. Ikilima ba ta tsaya neman fad ba, idonta ya riga ya cika da ruwa.

Ta iske Kawu ya zo daga Obi, suna zaune da Baba a tsakar gida. Kamar kullum Kawu ya taso da maganar, ya ce shekaru na tafiya, ƙannenta na tasowa, yaron nan Na'Allah ba zai yi ta jira har abada ba. Kowa na jiran ta sunkuyar da kai ta yi shiru yadda ta saba. Sai aka ji ta ce ta amince.

Baba ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Ikilima, kin san ni. In na buɗe baki na ce wa mutane na ba su, ko ke ba ki isa ki sa ni in haɗiye ba. Je ki kwana da maganar."

"Na riga na kwana da ita, Baba. Ka faɗa musu."

Mama ta rungume ta tana sa mata albarka. Kafin magariba Kawu ya hau mashin ya nufi gidan su Na'Allah.

Ran Asabar da hantsi ta ce za ta je gwajin ɗinki. Memori na cikin tafin hannunta, ta ƙudura ba za ta aika ba, da kanta za ta jefa masa a fuska a gaban 'yar Tibin tasa. Ta ɗaga labule ta shiga ba sallama. Ƙarar janareta, warin fetur da zufa, talabijin huɗu kowace da nata ihun. Zulkifilu ba ya nan, wai ya tafi sayen mai. Tersoo, bakaniken mashin da ke riƙe masa shago in ya fita, ya share mata benci ta zauna, ya koma kan musun da suke yi da wani ɗalibi mai suna Orshi.

Musun gem ne, me kuma za su yi? Tersoo ya rantse sabon faifan damben da aka kawo daga Makurɗi ya fi tsohon, duka na shiga har ka ji a haƙarƙarinka, sai dai bos, wato ƙaton da ake karawa da shi a ƙarshe, ɗan magudi ne, ka kusa kashe shi jininsa ya dawo. Orshi ya ce ai wannan wasan masu ƙaton yatsa ne, a danna a danna kawai. Shi na sojan nan ya fi so, wanda ake raɓewa a bayan bango, in ka yi gaggawa kare ya ji ƙamshinka an gama da kai. Tersoo ya ce in raɓewa yake so ya je ya yi a gonar ubansa. Suka yi ta yi, har Orshi ya ce duk dai sun fi Ɗan Maƙeri, gem ɗin da za ka biya kuɗinka ka zauna kana karatu kamar mai jarrabawa.

Tersoo ya fashe da dariya, ya nuna talabijin ta ƙurya da ke kashe. Ya ce a bar maganar Ɗan Maƙeri, shi ne ya lalata musu oga. Mutumin da duk titin Shendam ba mai kayar da shi a dambe, yau mako nawa bai karɓi fad ya kara da kowa ba, yana ƙurya yana tsinkar ganye. Ranar da yake neman wata akuya har kwastoma suka taru a bayansa suna yi masa kukan akuya, bai ko juyo ba.

Ikilima ta matse memorin a tafin hannunta. Ta tambaya a hankali ko shi da kansa yake bugawa. Tersoo ya ce wa zai taɓa? Ko ƙurar memorin nan ka hure sai ya kusa cire maka hannu.

Daidai nan labule ya ɗaga, doguwar ta leƙo tana neman canji. Ta ga baƙuwa, ta ga abin da ke hannunta, sai ta shigo gaba ɗaya tana tafa hannu. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai ne Ikilima? Abeg, zo ka ɗauki wahalanka. Mutumin ka ya hana ni kasuwa. Tsoho ya yi magana a telebijin, Dooshima zo karanta. Yaro ya yi magana, Dooshima zo karanta. Na ce oga danna ka wuce mana, ya ce a'a, Ikilima ba ya wuce mutum bai ji damuwan shi ba."

Ta ce har tsarin jaka sai da ya sa ta ta karanta masa sunan kowane ganye, wai haka Ikilima take jerawa. Ta ɗauki canjinta ta fita tana dariya, ba ta san ta bar mutum a mace a kan benci ba.

Zulkifilu ya shigo da jarka a hannu. Da ya gan ta sai ya tsaya cak, fetur na ɗiga a kan takalminsa, fuskarsa ta washe irin yadda ba ta taɓa gani ba. Ya rame. Ya ajiye jarka, ya ce wa su Tersoo su ba shi wuri, suka koma waje har da yaran da ke tsakiyar wasa. Bai tambaye ta yadda aka yi ta fito ba. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne ko ta ga akuyar.

Ta ɗaga kai alamar ta gani.

Ya zauna a ɗaya bakin bencin yana ba ta labari kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ya ce dutsen nan ya kusa sa shi fasa talabijin. Ya ce tun da aka raba su yake tunani, kullum shi ne mai ɓatawa ita ce mai gyarawa, a gem da wajen gem, ya ga ya kamata ko sau ɗaya ta buɗe ta tarar ba aikin da ke jiranta. Kuma da ya dinga bi yadda take bi, yana tsayawa inda take tsayawa, sai ya ji kamar tana zaune a gefensa. Ya ce abin mamaki ma wasan ya fara yi masa daɗi, ashe mutanen garuruwan nan kowa da labarinsa. Ya ƙara da cewa ya sa doka a shago, ba ɗan makaranta da zai shigo da yunifom, yana so maganar ta kai kunnen Baba kafin ya sake tura manya.

Sai a nan ya lura da hawayen da ke zuba a kan mayafinta.

"Wa ya rasu?"

"Na ce wa Baba na amince da Na'Allah."

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya tambaya yaushe, ta ce shekaranjiya. Ya tambaya ko dukanta aka yi, ta ce a'a. Ko an yi mata baki ne, ta ce a'a. Da kuka da komai ta faɗa masa, jakar, garkuwar, maganar Sailuba, tsayuwarta wurin mai masara. Yana ji yana kallon ƙasa.

"Wato da na ci gaba da zama mahaukacin da kika sani, da har yanzu ke tawa ce."

"Na ɗauka wata ce, Zulkifilu. Na rantse na ɗauka hannun wata ne."

"Naki ne. Shi nake koyo." Ya share fuska da tafin hannu. "Titi ɗaya ne tsakaninmu ranar, Ikilima. Da kin tsallako."

Ta yi kuka har numfashinta na sarƙewa, shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Can ya miƙe ya ce kuka ba zai yi musu komai ba. Tunda ba a kawo goro ba, magana ce kawai a iska. Ta je yanzu ta durƙusa ta ce wa Baba ta yi kuskure, ko zai yanka ta ne ta faɗa. Ya karɓi makullin mashin ɗin Tersoo, ta hau baya, suka kama hanyar Sabon Pegi. A bakin layinsu ya tsaya a gindin mangwaro, inda Baba ba zai hango shi ba. Ya ce ba inda za shi, yana nan har ta fito ta faɗa masa yadda suka yi.

Tana tafe tana haɗa kalmomin a bakinta. Baba, ka yafe ni. Baba, fushi ne ya sa ni. Tana shan kwana ta ga mota a ƙofar gida, da mashina a jere, da takalman maza sun cika bakin zaure. Da an ce sai mako mai zuwa za a kawo goro, ashe mutanen Na'Allah sun ji tsoron kada ta sake tunani.

Ta so ta zame ta ƙofar baya, Kawu ya hango ta ya kira sunanta. Ta shiga ta durƙusa a bakin tabarma. Dattawa ne reras da manyan riguna, ga ƙwaryar goro da alawa a tsakiya, hannuwa ba su daɗe da sauka daga fatiha ba. Ta ɗaga ido ta nemi Baba, bakinta a buɗe, maganar na kan harshenta.

Baba murmushi yake yi mata. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin azumi. Ya ɗauki goro fari da hannunsa ya sa mata a tafi, ya riƙe hannun bai saki ba, ya juya ga baƙi.

"Ga ta nan. Ban tilasta ta ba, Allah ne shaida, da bakinta ta zo ta same ni. Ikilima, kin fid da ni kunya. Allah ya yi miki albarka."

Zaure ya ɗauka da amin. Kowa ya zuba mata ido yana jiran tata. Ta dubi furfurar Baba, ta dubi hannunsa da ke kan nata.

"Amin, Baba," in ji ta.

Daga cikin gida Mama ta rangaɗa guɗa, gwaggonni suka karɓa. Guɗar Mama kuwa ba a gida take tsayawa ba, har bakin layi ake jin ta.